Zugazugin Inji da Ƙofar da Ke Taka Masa Burki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san abin. Gawayi na ci a hankali, yaron maƙeri ya dafa zugazugi, nan da nan wuta ta tashi, ƙarfe ya yi ja wur. Ba a ƙara gawayi ba, iska aka ƙara masa. In kuwa yaron ya zuga fiye da kima, maigidansa zai daka masa tsawa, don ƙarfen ƙonewa zai yi.

Injin mota ma haka yake. Kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar iska kusan giram 14.7 kafin ya ƙone yadda ya kamata. Ƙara mai ba wuya, iskar ce jidali, domin inji na iya zuƙar abin da cikinsa zai ɗauka ne kawai. Shi ya sa injiniyoyi suka nema masa zugazugi iri biyu. Na farko shi ne sufacaja, wadda bel ke juyawa daga jikin injin. Asalinta ma daga harkar ƙira yake: a 1860 wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar na'urar hura iska da aka riƙa amfani da ita a tanderun narka ƙarfe. Kamfanin Mercedes ya baje kolin motoci masu irin wannan na'ura a Balin a 1921, kuma har yau kalmar Kompressor da ake gani a bayan wasu Marsandin 'yan Kwatano abin da take nufi ke nan. Na biyu shi ne turbo, wanda injiniyan Siwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905. Shi ba ruwansa da bel. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa ne ke juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin inji.

Turbo yana da wani hali na rashin jin magana. Iska ta ƙaru, wuta ta ƙaru. Wuta ta ƙaru, hayaƙi ya ƙaru. Hayaƙin kuma ya koma ya ƙara wa farfela gudu. Farfelar da ba ta fi tafin hannu ba tana iya juyawa sama da sau 100,000 a minti guda. In ba a tsawata mata ba, matsi zai yi ta hawa har fetur ya soma fashewa kafin lokacinsa, fistin ya narke ko gasket ya ƙone.

Mai tsawatarwar ita ce wesget, wato ƙofar karkatar da hayaƙi. A yawancin motoci ba ta fi murfin kwalba girma sosai ba, tana cikin gidan turbo ɗin, a ɓangaren da ke zafi. Daga waje abin da ido zai gani shi ne wani ɗan gwangwani mai kama da na madara, da sandar ƙarfe da ta fito daga cikinsa, da siririn tiyo na roba. A cikin gwangwanin akwai sifirin da ke riƙe ƙofar a rufe, da faifan roba. Tiyon yana kawo iska daga bututun da turbo ke hurawa. Da zarar matsin iskar ya rinjayi sifirin, sai sandar ta motsa, ƙofa ta buɗe, wani kaso na hayaƙin ya zagaye farfela ya wuce salansa kai tsaye. Farfela ta rage gudu, matsi ya tsaya inda aka yanka masa. A ƙananan motoci da yawa ƙarin matsin bai wuce bar ɗaya a ma'aunin matsi ba, wato bai kai rabin abin da mai faci ke dura wa taya ba.

Kamfanin Saab na Suwidin ya yi suna a wannan fanni. Motarsa 99 Turbo ta ƙarshen shekarun 1970 ta ɗauki ƙaramin turbo mai saurin tashi, aka bar wa ƙofar aikin hana shi wuce gona da iri. A farkon shekarun 1980 kamfanin ya ƙara na'ura mai sauraron ƙarar inji: ta ji fetur na fashewa ba bisa ƙa'ida ba, sai ta sa a rage matsi. Motocin yanzu ƙwaƙwalwar mota ce ke juya ƙofar, wasu ma da ƙaramin moto na lantarki.

To, ina labarin sufacaja, wadda hayaƙi ba ya juya ta? A nan ne zancen ke da daɗi. Gudunta a ɗaure yake da gudun inji, kuma girman fulin da bel ke juyawa ne ke yanke hukunci: a rage masa girma, ta ƙara gudu, matsi ya ƙaru. Babu hayaƙin da za a karkatar. Amma akwai wata irin sufacaja mai farfela kamar ta turbo, irin wadda kamfanonin Vortech da ProCharger ke sayarwa a Amurka, wadda ke da nata ciwon kai. Matsinta ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da gudun inji. In gudu ya ninka biyu, matsi kan ninka kusan huɗu. Wadda ke ba da bar 0.8 a juyi 6,000 a minti, abin da za ta bayar a 3,000 bai fi 0.2 ba. Direba ya taka totur a tsakiyar gari ya ji shiru, sai allura ta kusa jan layi ƙarfin ke zuwa.

Masu gyaran motocin tsere suka ɓullo da dabara. Su sa ƙaramin fuli don iska ta zo da wuri, sannan su ɗauko wesget irin ta turbo su dasa ta a kan bututun iskar da ke shiga inji. Matsi ya kai iyakar da fistin zai jure, ƙofa ta buɗe, rarar ta fice waje da huci. Dabarar na aiki, kuma ba baƙuwa ba ce. A gasar Formula 1 hukumar tsere ta tilasta sa bawul mai fitar da iska a 1987 don kada matsi ya wuce bar 4, a 1988 ta rage shi zuwa 2.5.

Sai dai sunan ne ɗaya, aikin daban. A turbo, ƙofar kamar manomin rani ce da ya toshe bakin kwari tun kafin ruwa ya shigo gona. A sufacaja kuwa, ɗan garuwa ne da ya sha wahala ya turo kura har ƙofar gida, sannan ya tuntsurar da jarka biyu a kwata. Iskar da aka zubar, inji ya riga ya biya kuɗinta da ƙarfinsa da mansa. Ga zafi, domin farfelar da ake kora da sauri tana dumama iska, iska mai zafi kuma ita ce ke jawo fashewar fetur da ake gudu. Ga bel da kan soma santsi a kan ƙaramin fuli. Ga iyakar gudun da kamfani ya gindaya wa farfelar, wadda ƙofar ba ta rage ko juyi ɗaya daga ciki. In kuma na'urar auna iska tana gaban wurin da ake zubarwa, ƙwaƙwalwa za ta ba da man iskar da ba ta shiga inji ba, filogi ya yi baƙi ƙirin. Ga mai tsere, cinikin na iya biya. Ga mai zuwa ofis da kasuwa, ɓarnar ta fi ribar.

Manyan kamfanoni sun bi ta wata hanya. Audi, a injinsa na 3.0 TFSI, ya sa bawul na lantarki da ke mayar da rarar iska bakin sufacajar maimakon a watsar da ita. Volkswagen kuma a 2005 ya haɗa biyun a injin 1.4 na Golf: sufacaja ta yi aiki a ƙasa, kuloci ya sake ta, turbo da ƙofarsa su karɓa.

A garejojinmu ƙofar turbo aka fi cin karo da ita, a kan motocin dizal da janaretoci da sababbin ƙananan motoci. In ta maƙale a buɗe, mota kan mutu a jiki, ta kama Hawan Kibo tana nishi kamar an ɗaura mata dutse. In ta maƙale a rufe, ko wani bakanike ya ɗaure sandar da waya wai don mota ta ƙara ja, matsi ne zai haura: mota mai ƙwaƙwalwa ta kunna fitila ta yanke ƙarfi, tsohuwa kuma ta ci gaba da gudu har gasket ya tashi. Sau da yawa ma ba ƙofar ce ta lalace ba. Siririn tiyon nan ne zafi ya busar ya tsage, iska ta daina isa gwangwani, sifirin ya ci gaba da riƙe ƙofa gam.