Ƙofar Da Sukari Ke Bi Ya Shiga Tsoka

Duk abincin da mutum ya ci, tuwo ne ko shinkafa ko gurasa, sai ciki ya narkar da shi, akasarinsa ya koma wani irin sukari da ake kira gulukos, sa'an nan ya bi jini. To, amma sukarin nan ba shi da ikon ratsa bangon ƙananan ƙwayoyin jiki da kansa, sai an buɗe masa ƙofa. A tsoka da kitse, babbar ƙofar wani furotin ne da masana suka raɗa wa suna GLUT4.

Abin mamaki, yawancin lokaci ƙofofin nan ba a jikin bangon suke ba, a ajiye suke can cikin ƙwayar. A shekarar 1980 ne ƙungiyoyi biyu na masu bincike a Amurka, watau Cushman da Wardzala, da kuma Suzuki da Kono, suka nuna haka a kitsen ɓeraye. Da zarar insulin, sinadarin da jiki ke saki bayan an ci abinci, ya iso, sai a fito da ƙofofin a kafa su cikin 'yan mintoci. Sai a 1988 David James da abokan aikinsa a birnin Boston suka gane furotin ɗin kansa.

Ga mai ciwon sukari iri na biyu, wanda ya fi yawa a tsakanin manya, sau da yawa insulin yana nan, ƙofofin ma suna nan cikin tsoka kusan yadda suke ga mai lafiya. Kiran ne ba sa amsawa sosai. Da yake tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin, sai ya taru a jini, a hankali ya yi ta cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Sai dai fa akwai wata hanya. Tsokar da ke aiki takan fito da ƙofofinta ko ba insulin, kuma wannan hanya ba ta toshewa ga mai ciwon. Wanda ya lizimci tafiya a ƙasa, ko noma, ko tuƙa keke, yawan ƙofofin ma ƙaruwa yake yi, amma in ya bari na 'yan kwanaki sai su ragu. Wannan bai ɗauke wa kowa shan maganin da likita ya rubuta ba, balle masu iri na farko, waɗanda jikinsu ya daina yin insulin, tilas su riƙa yin allurarsa kullum.