Kalmomin Japan da muka daɗe da sani a Bekaji

Sunan Japan da ya fi yawo a gidajen unguwar Bekaji ta Yola ba Toyota ba ne, Ajino ne. Farin magin nan da ake barbaɗa wa miya, cikakken sunansa Ajinomoto, wato tushen ɗanɗano. Wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a 1908 cikin romon ciyawar teku, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. Daddawarmu ma shi take bayarwa, tun kafin a haifi Ikeda.

Akwai kuma kalmarsu gaman, wato shanye wuya ba ƙorafi ba zubar da mutunci. Wanda ya tashi a Yola ba ya buƙatar tafinta. Munyal Fulani ke cewa, ɗaya daga cikin ginshiƙan pulaaku, wato ɗabi'ar Fulani, abokin tafiyar semteende, kunya. Mai son ganin gaman ido da ido ya hau keke daga shataletalen Bekaji zuwa kasuwar Jimeta da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an matsu kamar kifin gwangwani, kowa shiru sai sharce gumi.

Wanda ya fi burge ni kintsugi ne. Tangaran ya fashe, sai a liƙe shi da ƙaron wata bishiya, a bi tsagin da garin zinare, tabon ya zama ado. Ku duba ƙwaryar mai tallar nono. In ta tsage, a huda da basilla a ɗinke, ɗinkin a waje, kowa na gani. Nasu dai a kai shi gidan tarihi, tamu gobe da sassafe ta koma talla.

Mottainai takaicin ganin an yi asarar abu mai amfani ne. Wangari Maathai 'yar Kenya, wadda ta ci kyautar Nobel a 2004, ta ji kalmar a Japan a 2005, ta yi ta yayata ta a duniya. A nan robar ruwa sai ta yi zoɓo, ta yi kunun aya, ta ƙare da manja.

Mutanen Okinawa ta Japan kuwa suna da hara hachi bu: a janye hannu daga akushi in ciki ya kai kashi takwas cikin goma. Gaya wa yaro haka ranar Sallah ka ji amsa.

Gyangyaɗi a ofis ko a jirgin ƙasa inemuri ne, ana ɗaukarsa alamar aiki ya ci mutum. Sharaɗin, a zaune za a yi, ban da miƙe ƙafa.

Sayen littattafai a jibge ba a karanta ba ma suna gare shi, tsundoku. Nawa na cikin kwali ƙarƙashin gado, gara ta riga ni buɗe biyu.