RUWA BA YA TSAMI BANZA: Jagora Ga Mai Sayen Kayan Gwajin Ruwan Kifi A Gadarif

Kowa ya san Bahaushe a ƙasar nan ta Sudan ya san shi da abu biyu, noma da su. Tun bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'arsa zuwa gabas har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, kakanninmu suka ci gaba da jefa koma da birgi a kogunan ƙasar nan. Daga Dindir zuwa Rahad, daga Rahad zuwa Atbara, da wuya ka isa mashigin da ake cinikin kifi ba ka ji ana Hausa ba.

To amma kamun kifi daban, kiwon kifi daban. A kogi ruwa na gudu, yana wanke kansa da kansa. Wanda kuwa ya gina kwatami a bayan gida domin kiwon karfasa, wadda 'yan ƙasa ke kira bulti, ko tarwada da suke kira garmut, ko ya ajiye akwatin gilashi na kifin ado a shagonsa, to shi ne ya zama kogin. Duk abin da ya shiga ruwan nan yana nan zaune sai in shi ya fitar da shi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fage kam ido bai san kima ba, domin kuwa ruwan da ya fi kowane garau shi ne wani lokaci ke kashe kifi a dare guda. Wannan ne ya sa a wannan watan muka ga ya dace mu yi bayani a kan kayan gwajin ruwa, wanne ya kamata a saya, wanne kuma za a iya haƙura da shi.

RUWAN GADARIF BA IRI ƊAYA BA NE

Mazaunin Gadarif ba ya buƙatar a ba shi labarin wahalar ruwa. Garin na zaune a kan baƙin dutse wanda ba ya riƙe ruwa da yawa, saboda haka tun da daɗewa ake turo ruwa daga tashar Shuwak da ke bakin kogin Atbara, a haɗa da na rijiyoyin burtsatse. A ƙauyuka kuwa sai tafkunan da ake kira hafir, waɗanda ke cika da damina. Ga kuma masu amalanken jaki da ke zaga unguwanni da ganga, wanda sau da yawa mai saye bai san inda aka ɗebo abin da ke cikinta ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da halinsa. Ruwan kogi da damina laka ce zalla daga tsaunukan Habasha. Masuntan da suka yi aiki a tafkin Hashmul Girba, wanda aka gama madatsarsa a 1964, sun san yadda kifi ke mutuwa jingim a lokacin da ake buɗe ƙofofi domin wanke laka, saboda tana toshe musu wurin numfashin da ke gefen kai. Ruwan rijiya kuma yakan zo da nauyi, wani ma da ɗan gishiri. Na famfo da na tanka kuwa ana zuba masa sinadarin kulorin.

A nan ne gizo ke saƙa. Bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 2023, 'yan gudun hijira masu yawa sun kwararo Gadarif, a watan Satumba na wannan shekarar kuma hukumomin lafiya suka ba da sanarwar ɓarkewar kwalara a jihar, cutar ta sake dawowa a daminar 2024. Babban makamin yaƙi da kwalara shi ne kulorin. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ita ce a sami ragowarsa daga miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a inda ake ɗibar ruwa, a lokacin annoba kuma akan ƙara. Wannan rahama ce ga ɗan Adam. Amma ga kifi, abin da bai kai miligiram 0.1 ba ma yana iya yi masa illa. Wato ruwan da ya fi dacewa da randar gida shi ne bai dace a juye shi kai tsaye a kan kifi ba.

ABUBUWA HUƊU DA BA A WASA DA SU

Na farko shi ne kulorin ɗin da muka ambata. Ana gwada shi da wani ɗan akwatin roba mai rami biyu da jerin launuka a jikinsa, irin wanda ma'aikatan lafiya ke yawo da shi wurin masu tanka. A cika ramin da ruwa, a jefa ƙwayar da aka rubuta wa DPD lamba 1, a girgiza. In ruwan ya koma ruwan hoda, akwai kulorin, gwargwadon kaurin launin gwargwadon yawansa. Ruwan da za a ba kifi dole ya fito fari fes. Hanyar da ba ta cin kuɗi ita ce a bar shi a buɗaɗɗiyar ganga kwana ɗaya ko biyu ana motsa shi, sa'an nan a sake gwadawa.

Na biyu amoniya, wadda ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe. Ba ta da launi, kuma ita ce ta fi kashe kifi a sabon kwatami. Dalili shi ne akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a jikin tsakuwa da matata suna cinye ta, amma sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin. Wanda ya cika sabon wuri da kifi tun ranar farko ya haɗa su da guba ba mai kwashewa.

Na uku naitarait. Waɗancan ƙwayoyi in sun ci amoniya, naitarait suke mai da ita, ita ma kuwa guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska har ya koma ruwan ƙasa. Daga nan wasu ƙwayoyin ke mai da ita naitaret, wadda illarta ba ta kai ta farko ba. Sunayen biyu sun yi kama, saboda haka mai saye ya duba kwali da kyau: mai haɗarin ana rubuta mata NO2, ɗayar kuma NO3.

Na huɗu ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin ruwa ko kaifinsa irin na kanwa. Lamba 7 ita ce tsakiya, kifin kiwo kuma yana rayuwa lafiya tsakanin 6.5 da 9. Sai dai muhimmancinsa ya wuce haka, domin shi ne ke nuna ƙarfin dafin amoniya. A zafin digiri 25, in pH na kan 7, ɓangaren amoniya mai cutarwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In ya hau 8 ya zama kusan kashi 5, in ya kai 9 kuwa ya wuce kashi 30. Zafi ma na ƙara shi. Ke nan sakamakon da mai kiwo a wani gari zai gani ya kwanta barci, mai ruwan rijiya a Gadarif cikin watan Afrilu ya gan shi sai ya tashi tsaye.

TAKARDA, ƊIGO KO NA'URA?

Kayan gwajin da ke kasuwa kashi uku ne. Akwai 'yan siraran takardu da ake tsomawa a ruwa a zaro, a kwatanta launinsu da na jikin kwalba. Su ne mafi araha da saurin aiki, amma araha ba ta ado. Laima da zafi na lalata su, da zarar an buɗe kwalba da damina ba sa daɗewa. Bugu da ƙari, yawancin masu gwada abu biyar ko shida a takarda guda ba su da amoniya a ciki, alhali ita ce uwa uba.

Akwai na ɗigo, wato ƙananan kwalabe na magani da bututun gilashi mai alamar mililita 5. Wannan shi ne muke ba da shawara a kansa. Kamfanoni irin su API na Amurka da Tetra da Sera da JBL na Jamus duk suna yin sa. Babban kwalin API na ruwan daɗi, alal misali, ya ƙunshi gwajin amoniya da naitarait da naitaret, da kwalabe biyu na pH, ɗaya daga 6.0 zuwa 7.6, ɗaya daga 7.4 zuwa 8.8. Wannan kwalba ta biyu tana da amfani ƙwarai a wurinmu, domin in ruwa ya haura 7.6 ta farkon ba za ta nuna komai ba sai launinta na ƙarshe, mutum ya zaci ya tsaya a nan. Wajen amoniya kuma a nemi wadda launinta ke tashi daga rawaya zuwa kore. Tsohon samfurin nan na Nessler mai komawa ruwan ƙasa yana ɗauke da zaiba, kuma yakan ba da sakamakon ƙarya in an zuba maganin ɗaure amoniya.

Na uku su ne na'urori masu batir, masu kama da alƙalami. Mai auna narkakken gishiri, wanda aka rubuta wa TDS, ba shi da tsada kuma ba shi da rigima, yana kuma taimakawa wajen gane ranar da mai amalanke ya sake rijiya. Amma alƙalamin pH sai an riƙa daidaita shi da ruwan saiti na musamman, bakinsa kuma ba ya son bushewa. Wanda ba shi da hanyar samun ruwan saitin, gara ya tsaya a kan ɗigo.

ƘANANAN KAYAN DA AKE RAINAWA

Ma'aunin zafi na gilashi bai kai kuɗin buhun abincin kifi ba, amma yana faɗin abu mai yawa. Karfasa ta fi girma a tsakanin digiri 27 da 31. Ruwa mai zafin digiri 20 na iya riƙe miligiram 9 na iskar oksijin a lita, a digiri 30 kuwa bai wuce 7.6 ba, ga shi a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta. Na'urar auna oksijin tana da tsada, amma akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a leƙa kwatami bayan sallar asuba, lokacin da iska ta fi ƙaranci. In an ga karfasa a sama suna haki, magana ta ƙare. Tarwada tana shaƙar iskar sarari, don haka ita ba ta zama ma'auni.

A tanadi sirinji mai mililita 5 domin ɗibar ruwa daidai, da bututun gilashi na ajiya saboda fashewa, da farar takarda da za a riƙa ɗora bututun a kai a hasken rana, domin fitilar ɗaki na sauya launi. Agogo ma wajibi ne, tun da yawancin gwaje-gwajen minti 5 ake jira. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa, ƙaramin famfon iska mai batir ko mai aiki da hasken rana ya fi kowane kayan ƙawa muhimmanci. Sai kuma littafi da biro. Sakamakon rana guda ba ya faɗin komai, amma na mako shida a jere yana nuna inda ruwa ya dosa.

KAFIN A MIƘA KUƊI

Irin waɗannan kaya ba a cika samun su a kowace kasuwa ba, galibi sai an yi sautu ga matafiya daga Masar ko Saudiyya ko Bur Sudan. Mai sautu ya rubuta sunan kowane gwaji a takarda, ya kuma ja kunne cewa na ruwan daɗi ake so, ba na ruwan teku ba. A duba ranar lalacewa a jikin kowace kwalba, ba a kwali kaɗai ba, a kuma tabbata katin launuka na ciki, domin in babu shi kwalaben ba su da amfani. In kaya sun iso, a ajiye su a inuwa, nesa da yara, kada a bar su a ɗakin kwano da bazara lokacin da zafin Gadarif ke wuce digiri 40.

Kwali guda na isa gwaji masu yawa, saboda haka masu kiwo huɗu ko biyar na unguwa ɗaya na iya haɗa kuɗi su saya tare, kamar yadda muka saba a adashi. A sabon kwatami a riƙa gwada amoniya da naitarait duk bayan kwana biyu, in ya zauna sau ɗaya a mako ya isa. Duk ranar da aka ga sun tashi, a dakatar da abinci, a kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a maye shi da wanda ya huce daga kulorin.

Daga ƙarshe muna jan kunnen jama'a da babbar murya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kaya da ke ganin ƙwayar cutar kwalara. Kifi na iyo lafiya ba ya nufin ruwa ya shawu, ruwan da aka sauke wa kulorin domin kifi kuma kada a kai shi randa. A ware ganga biyu, a yi wa kowace alama. Ɗan akwatin nan na DPD kuwa yana aiki biyu a gida guda: ga gangar kifi ana son ya nuna fari, ga randar iyali ana son ya nuna ruwan hoda. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, amin.