TSOHUWAR PIJO: GADON UBA GA ƊANSA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya manyanta cikinmu ya san motar nan Peugeot, wadda muke ce ma Pijo. Ita ta riƙa ɗaukar gyaɗarmu da hatsinmu da awakinmu zuwa kasuwa. Ita ta riƙa kai marasa lafiya likita a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yau sababbin motoci sun cika hanya, Pijo ta ja baya. Amma akwai gidajen da suka ƙi sayar da tasu ga masu sayen tsohon ƙarfe. In ka duba, sau da yawa uba da ɗansa ne ke riƙe da ita. Mi ya sa?

Daga ina ta fito?

An fara ƙera Pijo 404 a ƙasar Faransa cikin 1960. Ƙanwarta 504 ta fito cikin 1968. Motoci ne masu jure wahala. A gabashin Afirka ana wani tseren motoci mai suna Safari, cikin ƙura da taɓo. 404 ta ci tseren nan har sau 4: 1963, 1966, 1967 da 1968.

A shekarun 1970 da 1980, Turawa da yawa sun riƙa tuƙo tsofaffin Pijo daga ƙasashensu. Su ratso hamada ta Tamanraset da Arlit da Agadas, su sayar da su nan Nijar. Cikin 1975 kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa Pijo a Kaduna. Ta haka motar ta yawaita, kayan gyaranta suka samu. Mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfal, ita muke kira bashe.

Ko siffar motocin nan aikin uba da ɗa ne. Wani kamfani na ƙasar Italiya mai suna Pininfarina ya zana su. Lokacin da 404 ta fito, uban, Battista, shi ne shugaba. Ya rasu cikin 1966. 504 ta fito kamfanin yana hannun ɗansa Sergio.

Gyaran da ke son hannu huɗu

Injin tsohuwar Pijo ba ya da ɓoye-ɓoye. In ka ɗaga murfi, kome na fili: ga buji 4, ga batir, ga hanyar mai, ga ta ruwa. Da ƴan ƙarafa kaɗan ana gyaranta ƙarƙashin itace. Sababbin motoci kuwa da kwamfuta cikinsu. Wata ɓarnar tasu, sai an sa na'ura kafin a gano ta.

Sai dai gyaran tsohuwar mota yana son mutum biyu. In ana fidda iska daga birki, ɗaya na taka birki, ɗaya na ƙasa yana kwance ƙusa. In batir ya mutu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na turi. Nan yaro ke shiga. Da farko riƙon fitila ne aikinsa, da wanke ƙarafa. Bayan nan ya koyi goge buji da canjin taya. Uban ya tada inji ya ce: "Saurara, mi ka ji?" Yaron ya ce: "Baba, kamar buji ɗaya ba ya ci." Ran da ya faɗi daidai, ran nan uban ya san ya sami magaji.

A al'adarmu akwai kunya tsakanin uba da ɗa, balle ɗan fari. Ba su cika zama hira ba. Amma bakin mota magana na fitowa da kanta. Uba ya ba da labarin ranar da suka kafe cikin rairayi a hanyar Dakwaro, da yadda suka rage iskar taya suka fita. Cikin labarin nan yaro ke koyon haƙuri da riƙon amana da tattalin kaya.

A Faransa, motar da ta kai shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman, ta kayan tarihi. Can, don sha'awa ake gyaranta. Nan wurinmu sha'awar ta haɗu da neman abinci.

Kada sanin ya ɓace

Tsofaffin makanikai na ƙarewa. Samari kuma na tafiya bida ƙasashen waje. In uba ya rasu bai koya ma kowa ba, motar ta zama kwangon ƙarfe, sanin ya bi shi kabari.

Ba kowa ke da mota ba. Amma akwai amalanke, akwai garmar shanu, akwai injin ban ruwa da na niƙa. Duk hanya ɗaya ce. Iyaye, in za ku gyara, ku kira yaranku su tsaya kusa. Ku bar su su taɓa, ko da sun yi kuskure. Samari, ku yi tambaya tun tsofaffi na da rai. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, ku sami ɗan littafi ku rubuta abin da aka gyara, da ranar da aka canza mai, da kuɗin da aka kashe. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma kyan ɗa ya gaji ubansa.