KASHI NA BIYU YA ISO: A SHIGA KALLO KO A HAƘURA?

Kaka ta wuce a ƙasar Arewa. An yanke hatsi, an ɗaure damma, an zuba cikin rumbu gwargwadon abin da Allah ya bayar. Wake ya shiga kasuwa, 'yan kuɗi sun shiga aljihun samari. Dare ya yi tsawo, sanyi ya fara sauka cikin Dallol Mawri. Wanga lokaci ne gidajen kallo ke cika, tun daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri, Gesheme da Kore Mai Ruwa.

A ƙofar gidan kallo akan jingine allo, a rubuta sunan fim ɗin ranar da alli. Idan anka rubuta suna, anka ƙara lamba 2 a bayansa, to ranar ba sai an yi shela ba. Wanda ya ga kashi na farko zai zo don ya ji ƙarshen zance. Wanda bai gani ba zai zo don kada a bar shi baya wajen hira a fada.

Amma ba kowa ke shiga da saurin nan ba. Akwai mai tsayawa bakin ƙofa, kuɗi a hannu, yana shawara da zuciyarsa. Kuɗin nan na sabulu ne, ko na man babur, ko na littafin ƙanensa ɗan lekol. Shin kashi na biyun ya cancanci a ba da su? Tambayar ƙarama ce, amma ana yin ta kowane dare, kuma kuɗin da ke tafiya cikinta a shekara ba kaɗan ba ne.

DABARAR YANKE LABARI

A da, idan tsohuwa ta tara jikoki ta fara tatsuniya, ba ta tashi sai ta kai ga ƙurunƙus. Gizo ya sha kashinsa, Ƙoƙi ta huta, kowa ya je ya kwanta da cikakken labari. Masu yin fim sun gano wata dabara dabam. Suna kai labari daidai wurin da rai ya fi so, sai su yanke. Mai kallo ya fita da ƙishirwa, kuma ruwan yana hannun wanda ya sa masa ita.

Mutanen Arewa sun san dabarar nan tun zamanin kaset da faifai. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara a Kano da Turmin Danya a 1990. Wajen shekarar 2000, zamanin su Sangaya da Wasila, kasuwarsu ta kai har ƙauyukan Nijar. Sau da yawa fim guda ne ake rabawa, a sayar da na 1 da na 2, wani lokaci har na 3 da na 4. Mai saye ya biya sau biyu a kan labarin da zai iya ƙarewa cikin zama ɗaya. Da kasuwar faifai ta faɗi, sai aikin ya koma finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina, waɗanda sunka yi tashe tun daga 2020. Nan kuma kowane mako ake yanke labarin.

KASHI NA BIYU IRI UKU NE

Kafin mutum ya ba da kuɗinsa, ya kamata ya san wane irin kashi na biyu ne ke gabansa.

Iri na farko shi ne labarin da tun asali ya fi ƙarfin zama ɗaya. Babban misali shi ne fim ɗin Indiya mai suna Bahubali, wanda Rajamouli ya shirya da harshen Telugu. Kashi na farko ya fito a 2015. Ya ƙare a inda amintaccen bawa Katappa ya faɗi da bakinsa cewa shi ne ya kashe ubangidansa Bahubali. Ba a faɗi dalili ba. Kusan shekara 2 mutane a Indiya da wajenta suna tambayar juna dalilin, har kashi na biyu ya fito a watan Afrilu na 2017. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da cinikinsa ya wuce rupi miliyan dubu 10. Masu fassara na Kano sun maida shi Hausa, ya zaga ƙasar Hausa duka. Irin wanga, wanda ya ga na farko bai ga na biyu ba kamar wanda ya yi shuka ne bai koma gona ba.

Iri na biyu shi ne labarin da ya riga ya ƙare, amma da masu shi sunka ga ya kawo kuɗi, sai sunka tashe shi. Tsofaffin masu kallo sun san Rambo na Amurka. Na farko ya fito a 1982, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Biyetnam, ƙasarsa ba ta karɓe shi da mutunci ba. Daga nan anka yi na 1985, da na 1988, da na 2008, da na 2019. Kusan kowane karo ana ƙara bindiga, ana ƙara gawa, labari kuwa yana raguwa. Miyar jiya ce anka ƙara wa ruwa. Ana iya sha, amma ba a sayar da tiyar hatsi dominta.

Iri na uku shi ne wanda suna ya tsaya amma mutane sun sauya. Black Panther, labarin wata masarautar Afirka ta ƙage mai suna Wakanda, ya fito a 2018. Jarumin, Chadwick Boseman, ya rasu a watan Agusta na 2020. Masu fim ɗin ba su sa wani a madadinsa ba. Da kashi na biyu ya fito a 2022, ƙanwar sarkin ce ta ɗauki nauyin labarin. Wanda ya shiga don ya sake ganin jaruminsa zai fita da ɓacin rai. Wanda ya san haka tun daga ƙofa zai iya jin daɗin abin da ya tarar. Domin haka tambaya kafin shiga ba ƙauyanci ba ce.

INA ZA A GA SHI?

Bayan sanin irin fim, sai sanin wurin kallo. Hanya uku ce ke gaban ɗan Arewa.

Ta farko ita ce gidan silima na gaskiya, mai babban allo. A da biranen Nijar suna da su. Yamai tana da Rex da Vox da wasunsu, inda ake nuna finafinan Indiya da na kaboyi da na karate. Zuwan bidiyo ya sa sunka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 2017 wani kamfanin Faransa ya buɗe sabon gida mai kujera 300 a Yamai, mai suna CanalOlympia. To, daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kimanin kilomita 275 ne, ta hanyar Doso. Wanda ya tashi musamman don kallo zai biya mota zuwa da dawowa, ya ci abinci, ya nemi wurin kwana. Kuɗin hanya kaɗai sun ninka kuɗin ƙofa sau da yawa. Wanda wata buƙata ta kai shi babban birni, ko ɗan cin rani da ke can, shi ne zai iya leƙawa ba tare da asara ba. Ga sauran jama'a, tafiyar ba ta biya.

Ta biyu ita ce salula. A kasuwannin ƙasar akwai masu tura fim cikin katin waya da kuɗi kaɗan. Sauƙinta a fili yake: mutum na kallo lokacin da ya ga dama, ya tsayar idan an kira salla, ya ci gaba bayan ya idar. Amma fim irin Bahubali ba don tafin hannu anka yi shi ba. Rundunar dawakai da giwaye da ruwan da ke zubowa daga kan dutse duk sai su koma kamar tururuwa. Kashi na biyun kuma ya kusa awa 3. Ido ya gaji, batir ya mutu, a sake biyan kuɗin caji. Sannan sabon fim ɗin da ya riga kowa isowa kasuwa sau da yawa na sata ne, wanda wani ya ɗauka a ɓoye cikin silima. Hoto na rawa, murya ba ta fita, wani lokaci ƙarshen ma babu. Mai haƙurin wata biyu ko uku yakan samu mai kyau.

Ta uku ita ce gidan kallo na gari: rumfa ko zaure, telebijin babba, benci, da inji ko hasken rana. Shi ne silimar talaka. Abin da ya fi salula da shi shi ne jama'a. Ana dariya tare, ana tsaki tare, wanda bai gane ba na kusa da shi ya fahimtar da shi. Ƙauyukan Nijar sun daɗe da sanin daɗin kallon taro, tun lokacin da gwamnati ta kafa telebijin na jama'a masu aiki da hasken rana, inda gari guda kan zauna gaban akwati ɗaya. Amma gidan kallo ma suna suka tara. Akwai mai tsabta da tsari, akwai wanda ba ya duba shekarun mai shiga, ba ya duba abin da yake nunawa.

DAMUWAR IYAYE

Iyaye da malaman lekol suna da nasu lissafi. Fim mai kashi-kashi ba ya sakin yaro. Wanda ya ga na 1 ranar Asabar zai nemi kuɗin na 2 ranar Lahadi, ko ta halin ƙaƙa. Daga nan ne ake fara rage kuɗin aike, ko taɓa cinikin talla, ko ɗibar hatsi a kai wa mai awo. Yaron da ya kai tsakar dare a benci, gobe zai yi gyangyaɗi a aji.

Hani kawai ba ya magani, don yaron da anka hana ƙofa zai leƙa ta kafar zana, ko ya kalla a wayar abokinsa. Abin da ya fi shi ne a sa doka da kowa ya sani: ba kallo daren da gobe akwai karatu, ba shiga sai da wa ko kawu, kuma babba ya fara sanin abin da ke cikin fim ɗin. Mai gidan kallo shi ma ɗan gari ne. Idan maigari da iyaye sunka zauna da shi a kan lokacin rufewa da irin abin da za a nuna wa yara, da wuya ya ƙi.

FIM ƊIN DA YA SHAFI AREWA

Akwai wani abu da ya kamata mai kallo ya riƙe. Sau da yawa masu fim ba su yin kashi na biyu sai na farko ya yi ciniki. Mai gidan kallo kuma ba ya kawo fim sai wanda ake tambaya. Watau kuɗin da mutum ke miƙawa a ƙofa shi ne ke zaɓen abin da za a nuna gobe.

Ga shi kuwa ƙasar Arewa tana da nata babban fim. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar garuruwa da yawa a ƙone, ta auka wa Lugu, cikin gundumar Ɗan Kasari ta yanzu. Sarauniya Mangu da mutanenta ba su miƙa wuya ba. Sun yi yaƙi da kibau a gaban bindigogi, sannan sunka janye cikin daji. A watan Yuli na shekarar, sojojin rundunar da kansu sunka kashe shugabannin nan biyu a yankin Tasawa. Marubucin Nijar Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kan labarin a 1980. Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya maida shi fim mai suna Sarraounia a 1986. A Burkina Faso anka ɗauke shi, kuma mafi yawan maganar da ke ciki ba da Hausa ba ce. A 1987 ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu. Wagga kyauta kuwa ɗan Nijar ne, Umaru Ganda, ya fara cin ta a 1972.

Ba wuya a samu saurayi a fada wanda zai lissafa sarakunan masarautar Bahubali, wadda babu ita a duniya, amma bai taɓa ganin fim ɗin Sarauniyar Lugu ba, alhali daga garinsu zuwa Lugu tafiyar babur ce. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Abin da anka kawo masa ya gani. Ƙungiyar silimar tafi-da-gidanka ta CNA, wadda ta fara aiki a Nijar a farkon shekarun 2000, ta nuna cewa idan anka kafa allo a dandalin ƙauye anka sa fim ɗin Afirka, jama'a na fitowa maza da mata. Idan masu kallo sunka yawaita tambayar irin waɗannan finafinai, mai gidan kallo da mai tura fim za su neme su.

KAFIN A MIƘA KUƊI

Mai shawara a bakin ƙofa yana iya yi wa kansa tambayoyi huɗu.

Na ɗaya: labarin farko ya ƙare ko bai ƙare ba? In ya ƙare, babu gaggawa.

Na biyu: me waɗanda sunka shiga jiya ke cewa? Wanda ya biya ya fito ya fi allon ƙofa gaskiya.

Na uku: hoton da muryar masu kyau ne, kuma fim ɗin cikakke ne?

Na huɗu, wadda ta fi duka: kuɗin nan rara ne, ko suna da aikin da ke jiransu a gida?

In amsoshin sun yi daidai, to ya shiga ya zauna cikin 'yan'uwansa ya more, don wanda ya sha ranar damana ya cancanci hutun dare. In ba su yi ba, ya maida kuɗinsa aljihu. Fim ba ya ruɓewa. Wata mai zuwa yana nan, ya fi araha, ya fi kyan hoto. Rumbu kuwa, in ya faɗi tun kafin bazara, babu mai cika shi sai wata kaka.

Allah ya kai manoma damana mai albarka.