Hamsin Da Biyu Cikin Ɗari: Rinjaye Ne Ko Kuwa Dace?

Daga Wakilinmu

Ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin rubuta wa babban sakatare rahoto a kan ra'ayin jama'a yakan tarar da alƙaluma irin waɗannan a gabansa: an tambayi mutum 1,000 ko sun yarda a sauya wa kasuwar gari mazauni, 520 suka ce sun yarda, 480 suka ce ba su yarda ba. Abin da hannu ke saurin rubutawa shi ne, mafi yawan jama'a sun goyi baya. Amma masana ƙididdiga ba za su sa hannu a kan wannan magana ba sai an yi wa alƙaluman gwaji.

Dalili kuwa shi ne ba dukan mutanen garin aka tambaya ba, ɗiba aka yi, kamar yadda mai sayen gero ke cusa hannu cikin buhu ya duba tafi guda. Da wasu mutum 1,000 daban aka tarar, da watakila 505 ne za su yarda, ko 490. Aikin gwajin shi ne ya auna ko bambancin da aka gani ya wuce abin da dace kawai kan haifar.

Hanyar tana kama da ta alƙali, wanda ke ɗaukar mutum ba shi da laifi sai an kawo hujja. Mai gwaji yakan fara da zaton cewa babu bambanci, wato garin ya rabu daidai wa daida, hamsin da hamsin. Sa'an nan ya tambaya: in haka ne, sau nawa ɗibar mutum 1,000 za ta kauce wa 500 da mutum 20 ko fiye, sama ko ƙasa? Lissafi ya nuna kusan sau ɗaya cikin biyar ne. Abin da ke aukuwa sau ɗaya cikin biyar kuwa ba abin mamaki ba ne, saboda haka hujjar ba ta isa ba. Iyakar da aka saba bi ita ce sau ɗaya cikin 20, wadda Ronald Fisher na Ingila ya yaɗa a littafinsa na 1925. Ba doka ba ce, al'ada ce da masana suka ga ta yi musu daidai. Da mutum 2,500 aka tambaya aka sami wannan kashi 52 ɗin, da ya ƙetare iyakar, ko da yake da ƙyar.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wajen zaɓen gwajin da ya dace, domin kowane irin amsa da nasa ma'auni. In amsar ta i ko a'a ce, kuma ana son a san ko maza da mata sun sha bamban, sai a ɗauko gwajin da Karl Pearson ya fito da shi a 1900, wanda ake kira kai-sikwaya. A ce cikin mutanen nan 1,000 rabi maza ne rabi mata, maza 280 suka yarda, mata 240. Da jinsi ba ya da tasiri, da kowane ɓangare zai ba da 260 masu yarda da 240 marasa yarda. Sai a ɗauki ratar da ke tsakanin abin da aka gani da abin da aka zata, wato 20, a ninka ta da kanta, a raba da abin da aka zata, a yi haka a gida huɗun duka a tara. Jimla ta kama 6.4. A irin wannan jadawali iyakar ita ce 3.84, to ka ga an wuce ta. Abin lura a nan, alƙaluman da suka kasa tabbatar da rinjaye a garin su ne kuma suka nuna maza sun fi mata son a tashi kasuwar. Sharaɗi guda dai, in abin da aka zata a wani gida bai kai biyar ba, gwajin Pearson yakan yi ƙarya, sai a koma ga wani gwajin na Fisher da aka tanada don ƙananan alƙaluma.

In kuwa amsar adadi ce, kamar kuɗin motar da mutum ke kashewa zuwa kasuwa a mako, to matsakaici ake kwatantawa, da gwajin da William Gosset ya buga a 1908 da sunan aro na Student, yana ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin. Akwai kuma amsoshi masu hawa-hawa, daga na yarda ƙwarai zuwa sam ban yarda ba, irin tsarin da Rensis Likert ya kawo a 1932. Mutane da yawa sukan lamba musu 1 zuwa 5 su fitar da matsakaici, alhali ba wanda ya auna cewa tazarar da ke tsakanin kowane hawa da na gaba daidai take. A ganina gwajin Mann da Whitney na 1947, mai duba jeri kawai, ya fi aminci a nan. Haka kuma in mutanen da aka tambaya bara su aka sake tambaya bana, ba ƙungiya biyu ba ce, guda ce, gwajinta kuma daban, na McNemar.

Wata ɓarna da ta yawaita tun da kwamfuta ta sauƙaƙa lissafi ita ce yin gwaji barkatai: jinsi, shekaru, sana'a, unguwa, har guda 20, sa'an nan a ɗauki ɗayan da ya ƙetare iyaka a yi masa babban kanu. Ai ko babu bambancin komai, ana sa ran ɗaya cikin 20 zai ƙetare.

Duk wannan lissafi kuwa ya rataya ne a kan sharaɗin cewa kowa a garin yana da damar faɗawa cikin ɗibar. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta aika da takardun tambaya miliyan 10, fiye da miliyan biyu suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta bi ta samo da yawansu ne daga littafin masu tarho da rajistar masu mota, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka amsa. George Gallup, da mutum wajen 50,000, ya faɗi wanda zai ci daidai. Da an yi wa alƙaluman mujallar kowane gwaji, da ya ce rinjayen Landon tabbas ne, domin gwaji ba ya ganin wanda ba a tambaya ba. Saman buhun aka ɗiba, komai yawan abin da aka ɗiba. A 1938 mujallar ta daina fitowa.

A ƙasar nan matsalar ba baƙuwa ba ce. Tambaya ta wayar hannu ba ta isa ga wanda ba shi da waya, kuma a gidaje da yawa namiji baƙo ba ya wuce zaure balle ya ji ra'ayin matan gida. Shi ya sa ƙungiyar Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999, take aika ma'aikatanta gida-gida, su yi tambaya da harshen mai amsawa, in sun tambayi namiji a wannan gida su tambayi mace a na gaba. Amma ita ma wannan hanya tana da nata lissafi. Mutum takwas akan tambaya a kowane yanki da aka zaɓa, maƙwabta kuwa ra'ayinsu yakan yi kama, saboda haka mutum 1,200 da aka samo ta haka ba su kai nauyin 1,200 da aka tsinto ɗai-ɗai daga ko'ina ba. Wanda ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya yi musu gwajin Pearson yadda yake a littafin makaranta, ba tare da ya gyara lissafin don wannan cunkoso ba, zai riƙa ganin bambanci a inda babu shi.