Alƙur'anin Hannu a Zamanin Injin Bugawa: Me Muka Samu, Me Muka Rasa?

A tsangayun Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, Alƙur'anin da gardi ke duba allonsa da shi, rubutun hannun wani alaramma ne, amma ba tawadarsa ce a kan takardar ba. Hoton rubutun aka ɗauka, inji ya buga dubbai. Wannan al'ada ta kwafin rubutun hannu ta yi wa karatun allo babban tasiri, kuma ya kamata a auna ribarta da asararta.

Asalin sana'ar rubutun hannun daga gabas yake. Masarautar Gumel ta Mangawa ta daɗe a inuwar Borno, ƙasar da marubuta Alƙur'aninta suka yi suna har Baturen Ingila Dixon Denham, wanda ya sauka Kukawa a 1823, ya ba da labarin yadda ake sayar da rubutunsu da tsada a arewacin Afirka. Mai rubutu kan feƙe alƙalamin gamba, ya haɗa tawada da bagaruwa da ƙaro, ya zana baƙaƙe da baƙi a ruwayar Warshu. Sai ya dawo ya sa wasula da ja, hamza da rawaya, alifin wasali da kore. A gefen shafi ya yi wa kowane izu da sumuni da wurin sujada ado, a farkon kowane rubu'i na littafin kuma ya shimfiɗa zayyana. Ba a ɗinke takardun. A tadarishi ake naɗe su, a sa a gafaka. Aikin watanni ne, shi ya sa ba kowane gida ke mallakarsa ba.

Abu uku ne suka haifar da kwafin. Na farko tsada da ƙarancin na hannu, alhali almajirai na ƙaruwa. Na biyu, idon mutanenmu ya saba da manyan baƙaƙen nan na gida, yawancin bugun Masar kuma na ruwayar Hafsu ne, da salon rubutu dabam. Na uku, tun wajen shekarun 1950 maɗaba'un Kano suka samu injin da ke buga hoton shafi kamar yadda yake. 'Yan kasuwa suka riƙa biyan gwanaye su rubuta, su kuma su buga. Ta haka rubutun marigayi Sharu Bala Gabari na Kano ya shiga tsangayoyin Najeriya da Nijar, ta irin hanyoyin fataucin da suka ratsa Maigatari.

Ribar a fili take. Talaka ya mallaki Alƙur'ani da rubutun da ya iya karantawa. Salon Kano da na Borno sun tsira a lokacin da bugun Madina, daga maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a 1984, ya cika masallatai. Yaro mai koyon rubutu ma ya samu hannun gwani a gabansa yana kwaikwayo.

Asarar kuwa ba a cika faɗarta ba. Da na inji ya yi araha, cinikin marubuci ya ja baya, matasa suka rage sha'awar gadon sana'ar. Hannu biyu ko uku da suka yi farin jini wurin masu bugawa suka danne sauran, har bambancin rubutun wannan gari da wancan ya fara shuɗewa. Bugun kasuwa kuma yakan rage launi, ya ƙanƙantar da shafi, zayyanar ta dusashe. Mafi ciwo shi ne, da sabo ya samu, sai aka jingine tsohon na kakanni a lungun ɗaki, inda gara da yoyon damina ke cinsa, ko dillalan kayan tarihi su saye shi da kuɗi kaɗan.

Wasu ƙasashe sun mayar da kwafi garkuwar asali. A 1990 wata maɗaba'a a Lucerne ta Suwizalan ta buga Littafin Kells na ƙasar Ailan daidai da girmansa da launinsa, kwafi 1,480, domin masu nazari su duba ba tare da wahalar da na ainihi ba. Abin da ya faru a Timbuktu a Janairun 2013, lokacin da aka ƙone dubban littattafai a Cibiyar Ahmad Baba, ya nuna haɗarin littafin da ba shi da na biyu. A gida, Arewa House a Kaduna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna adana rubuce-rubucen magabata, amma abin da ke gidajen malamai a ƙauyuka ya fi ƙarfinsu.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne, kwafi alheri ne idan ya kare asali, ya kuma ciyar da mai rubutu. Ya dace Masarautar Gumel da Kwalejin Ilimi ta Gumel su bi gidajen malamai a ƙananan hukumomin masarautar huɗu, su ɗauki hoton tsofaffin littattafai da yardar masu su, a bar wa kowane gida abinsa. A buga zaɓaɓɓun shafuka da cikakken launi, a nuna wa ɗalibai da ladabin da ya dace da Littafin Allah, da sunan marubuci da garinsa. Masu hali kuma su riƙa ba alarammomin da ke raye aikin rubutu, su biya su da daraja, domin inji ba ya buga abin da hannu bai rubuta ba.